Bencin Aji Shida

Ƙarfe tara na safiyar Laraba mai makarantar kuɗi ya faɗo caji ofis yana haki. Bencina sittin da ma'aikatar ilimi ta ba makarantarsa a matsayin tallafi sun taso a mota tun Litinin, har yau shiru. Ya ce in ba a gano su ba, sai wani ya tuɓe kaki.

Sufeto ya sa aka kawo direban. Direba ya rantse 'yan fashi ne suka tare shi.

"Suka bar maka mota da waya, suka kwashi katako?"

Direba ya sunkuyar da kai. A jikin motar Sufeto ya ga an ja layuka da alli, biyar-biyar, har sittin. Ɗan fashi ba ya yawo da alli.

Sufeto ya nufi firamaren gwamnati da ke kan hanyar da motar ta bi. A bakin ƙofa ya tarar da wata uwa tana zazzaga wa maigadi masifa: kwana biyu 'yarta na dawowa da farin yunifom baƙi ƙirin, alhali shekara shida tana zaman ƙasa bai taɓa yin haka ba.

A aji shida ana jarrabawar fita. Rabin rufin babu, yara sun matsu uku-uku a kan baƙaƙen bencina. Sufeto ya goga yatsa a jikin ɗaya. Gawayin shafa allo ne, ga hatimin ma'aikata a ƙarƙashi.

Hedimasta ya taso yana jan ƙafa. Shi ya koya wa Sufeto karatu. Ya ce iyayen yara ne suka haɗa kuɗi aka yi bencinan. Sufeto ya nuna masa yatsansa kawai.

Tsohon ya jingina da bango.

"Shekara bakwai ina rubuta musu takarda, ɗana. Ƙarshe aka ce in babu benci za a soke mana jarrabawa. Yara ɗari da tamanin. Sai ga mota ta ƙofata cike da bencina, za ta kai wa masu fanka da tayil. Direban ɗalibina ne, ni na tilasta shi. Ka sake shi."

Mai makarantar kuɗi ya iso da lebura huɗu, ya ce a tashi yaran yanzu a kwashe kayansa. Alƙaluma suka tsaya. Wata yarinya ta ƙanƙame gefen bencin da hannu biyu.

Hedimasta ya miƙa hannuwansa.

"Sa mini ankwa, na yarda. Amma gobe suna da lissafi."

Sufeto ya tare ƙofar aji da jikinsa.

"Waɗannan kayan shaida ne. Ba mai ɗaga su sai alƙali ya ce."

"Shari'a ai sai ta shekara!" in ji mai makarantar kuɗi.

"Ko ta fi," in ji Sufeto.

Ya riƙe hannun malaminsa suka gangara zuwa mota. Daga can tsohon ya waiwayo, ya daka wa yaran tsawa su ci gaba da rubutu.