Kwana Arba'in na Gemun Sa'ade

Da sassafe madubin ya haska fuskar Sa'ade da shuɗin haske, ya ƙone gashi bakwai da suka tsiro a haɓarta, ya shafe ƙurajen kumatunta. "Kin yi kyau," in ji shi. Haka yake gaya wa kowace mace a Birnin Tagwayen Husumiya, har waɗanda ba su tambaye shi ba.

Shekararta shida da aure ba haihuwa, al'adarta kuma sai ta yi wata huɗu ba ta leƙo ba. Sau uku tana zuwa asibiti, na'urar Mai-Tace da ke bakin ƙofa tana koro ta. Ita dai na'urar alamar ciwo biyu take nema kafin mutum ya ga likita, Sa'ade kuwa ɗaya take kawowa.

Ta kira Goggo Laure, tsohuwar malamar jinya, tana kuka.

"Ke 'yar nan, share hawayenki," in ji Goggo. "Wannan ciwon ƙananan ƙullutai ne a ma'ajiyar ƙwai. Sinadarin maza ne ya yi miki yawa, ƙwan ba ya nuna. Shi ke kawo jinkirin al'ada da ƙiba da gashin haɓa. Akwai magani: a gyara abinci, a motsa jiki, a ba ki ƙwayar da za ta sa ƙwai ya fito."

"To Goggo, me ya sa suke cewa lafiyata ƙalau?"

"Madubinki ne ke cinye shaidar. Bar gashin ya fito su gani."

Ba a iya kashe madubin. Sa'ade ta lulluɓe shi da zane, sai ƙofar gidan ta datse mata, domin ita ma da idon madubi take tantance fuskar mace kafin ta buɗe. Mijinta ya riƙa shige da fice, don ba a tantance maza, ita tana ciki, tana zagaye falo don kada ƙibar ta ƙaru. Kunya da ƙunci suka ishe ta, amma ta daure.

Rana ta arba'in gemu ya fito sarai. Ta saka mayafi, ta roƙi madubin kada ya taɓa komai, ta yaye zanen.

Hasken ya daɗe a kan haɓarta. Injiniyoyin da suka ƙera shi ba su taɓa nuna masa mace irin wannan ba.

"Ban san wannan fuskar ba," in ji madubin. "In gyara ta, sannan in buɗe ƙofa?"