Alamomin da Suka Firgita Iya

Wata farar ƙwallo ƙarama mai ɗinkin jan zare ta gangaro har gaban takalmin Rufaida, tana zaune a bakin tafkin Titiwangsa da ke Kuala Lumpur tana bitar karatu. Ta ɗauka, ta ji ta da tauri kamar goruba.

"Sannu baiwar Allah, tawa ce."

Ta ɗago a razane. Hausar Kano tsantsa, daga bakin wani dogon saurayi mai ƙatuwar safar fata a hannun hagu.

"Ikon Allah! Faifai ka ɗaura a hannu?"

Ya yi dariya. Sunansa Najib. A Japan ya tashi, inda mahaifinsa ke fataucin kayan gyaran mota, can kuma yake wasan besbol, shi ne sana'arsa. Mai tsaron cikin fili ne: duk ƙwallon da aka doko da sanda ta taho a ƙasa kamar harsashi, shi zai tare ya cilla kafin mai gudu ya isa. Idan kakar wasa ta ƙare sai ya zo Kuala Lumpur wajen yayarsa, yana horar da wata ƙungiyar unguwa.

"Wato dai jifa ne aikinka."

"Da cafewa, ranki ya daɗe."

Kafin hutunsa ya ƙare ya cafe zuciyarta. Da ya koma, saƙo ba ya yankewa.

"Sanyin idona, yau sau biyu ƙwallo ta kuɓuce mini. Koci ya tambayi inda hankalina yake, na ce yana unguwarku, Danau Kota."

"To ka aiko a ɗaukar maka, kar a kore ka a kaina. Ka ci abinci, jarumina?"

Shekara ta zagayo, Najib ya dawo da maganar aure. Nan Sharif ya ji labari. Ɗan ƙawar Iya, mahaifiyar Rufaida, ne, ɗalibin digiri na biyu, shi Iya ta damƙa wa amanar kula da Rufaida, kuma ya daɗe yana sonta a ransa. Ya lalubo bidiyon wasan Najib ya watsa a zauren dangi na waya.

Kiran Iya daga Kano ya zo da kuka.

"Innalillahi! Karatu na tura ki ko ki kwaso mini ɗan ƙungiyar asiri?"

Rufaida ta buɗe bidiyon. Ga Najib da baƙin fenti a ƙasan idanu, yana taɓa kunne, yana shafa ƙirji, yana lakuce hanci, wasu ƙarti na mayar masa, ga sanduna a jere. Irin haka Iya ta rasa ɗan ƙanwarta a jami'a, da alamun hannu aka fara, gawarsa aka kawo.

"Iya, wallahi wasa ne."

"Shi ma marigayin haka ya ce mini."

Uwa ba ta aike a kan ɗiyarta. Sati bai cika ba Iya ta sauka da kanta.

Ranar Asabar Rufaida ta lallaɓa ta zuwa filin horo. Iya ta zauna tana jan carbi, fuska a murtuke. Matan Malay da hijabansu suka matso mata da kujera da shayi. Can ta hango wani dattijo mai furfura, wanda ya ja su sallar La'asar ɗazu, yana taɓa kunne yana shafa ƙirji, 'yan wasa na gyaɗa kai. Carbin ya tsaya.

"Har liman?"

Najib ya zo ya durƙusa. Ya ce fentin don ƙyallin rana ne, alamomin kuma umarni ne tsakanin 'yan wasa, don kar abokan karawa su gane dabara.

"To, fassara mini na cikin bidiyon nan, ɗaya bayan ɗaya."

Ya sunkuyar da kai. "Iya, ki yafe ni. Na ƙungiyata ne, amana aka ba ni. Ko mahaifiyata ban gaya wa ba."

Rufaida ta dafe ƙirji. "Najib! Don Allah ka faɗa mata!"

"Ko da zan hana ka ita?" in ji Iya.

Najib ya ɗago kai. "Zan yi ta roƙonki iyakar raina. Amma da abincinsu da mutuncinsu a ciki, ba zan tona ba."

Rufaida ta fashe da kuka, ta tabbata komai ya rushe. Iya ta juyo gare ta.

"Share hawayenki. Wanda na ba amanarki ya kai ki bakin dangi a kan abin da bai sani ba. Wannan kuwa ya yarda ya rasa ki da ya ci amanar mutanen da ko yarensu ba na ji. Gobe in kun saɓa a ɗaki, ba zan ji a titi ba." Ta dube shi. "Ɗana, tashi. Ka turo magabatanka."

Najib ya miƙe yana godiya.

A shagunan titin Tuanku Abdul Rahman na Kuala Lumpur yayarsa ta haɗa lefe, aka ɗaura aure a Kano bayan Ƙaramar Sallah. Ranar da za su tashi zuwa Japan, Iya ta haɗa hannuwansu cikin nata.

"Ka riƙe mini ita da kyau, marainiya ce. Allah Ya rufa muku asiri, Ya ba ku zuri'a mai albarka."

Suka amsa da amin, su ukun duka suna hawaye.