Mutumin Bayan Dabino

Wata Juma'a da la'asar, sautin goge ya ja Tahir cikin wata gonar dabino a hanyar Badr. Gyaran AC yake yi a unguwar Aƙiƙ, amma ranar hutu yawo yake da tsohuwar kyamararsa.

Wani tsoho, Kaka Ɗan'inna, na zaune kan tabarma ido rufe, yana jan gogen a hankali kamar mai lallashin jariri. Ɗansa Abdulfattah ya hana shi kaɗawa a gida, sai dai ya kawo shi gona ya jira a mota.

Jikarsa Sundus, 'yar Abdulfattah, ta kawo shayi. Tahir ya ɗaga kyamara.

"La, la!" Ta ja mayafi. "Kaka kawai."

"Ko na ɗauka ba zai fito ba, hannuna rawa yake."

Ta yi dariya. Iska ta kaɗa ganyen dabino, Tahir ya manta da shayinsa har ya huce.

Bayan Juma'a uku ya tura mata saƙo: "Dabinona, kunnena na gun goge, idona na wani wuri."

Ta amsa: "Ya majnun. Ka je gun Abba."

Ya je. Abdulfattah ya haɗe rai.

"Mai bin goge da kyamara? Ga Saif, ɗan ƙanina, yana aiki a Yanbu, shi zan ba wa ita. Ni kiɗan nan ko jinsa ba na son yi."

Tahir ya kwana biyu ba ya cin abinci. Yana duba hotunan Kaka sai ya tsaya cak. Can bayan wani dabino ga mutum tsaye, ido rufe, hawaye a kumatu. Abdulfattah ne.

Ya wanke hoton, ya kai masa a ambulan.

Abdulfattah ya daɗe yana kallo. "Da wannan kiɗan yake sa ni barci ina yaro," ya ce a hankali. "Wa ya gani?"

"Babu kowa, Abba. Na cikin kyamara ma na goge."

"Ba ka zo ka ja min kunne da shi ba?"

"Naka ne. Ko ka hana ni, naka ne."

A gonar aka yi walimar auren Tahir da Sundus. Abdulfattah da kansa ya ɗauko wa mahaifinsa gogen, ya zauna kusa da shi. Kaka ya sa albarka, dangi suka amsa da amin.

Sundus ta sassauta mayafi, ta dubi Tahir.

"Yalla, ango. Yanzu ɗauka."

Ya ɗaga kyamara.