Ruwan da Alhaji Sodangi Ya Ɗebo

Ana gab da kiran magariba a garin Isa, cikin tsananin bazara, Hajiya Basira ta tsoma moɗa a randa domin alwala. Abin da ya fito ba ruwan da ta zuba da safe ba ne. Kore ne, mai yauƙi, yana ɗoyi irin na kifin da ya ruɓe a rana. Ta zubar, ta wanke randar da toka, ta cika daga famfon unguwa. Kashegari, rana na yin ja, ɗoyin ya dawo.

Sannan aka shiga jifa. Da duwatsu ne, da an ce da sauƙi. Jiƙaƙƙun abubuwa ne ke faɗowa bisa rufin kwano, ɗaya bayan ɗaya, su gangaro tsakar gida: ledojin ruwa, ƙayar kifi, da ƙunzugun jarirai na zamani cike da abin da ke cikinsu. Kaji ma kauce musu suke yi.

Wajibi ne a bayyana asalin al'amarin. Maigidan, Alhaji Sodangi, dillalin gero ne mai fama da ciwon gwiwa. Da 'yarsa Bara'atu ta gama sakandare, sai ya kai ta yawon buɗe ido babbar madatsar ruwan nan da ake samar da wutar lantarki da ita. An zagaya da su kan bangon, an nuna musu injunan da ruwa ke juyawa, suka huta a lambun shaƙatawa inda ake hawa kwalekwale ana ɗaukar hoto. Wuri ne mai ban sha'awa, ba domin maziyarta ba. Kowa ya ci, ya sha, ya share wa ɗansa, sai ya wurga cikin tafki, iska kuma ta tattara ƙazantar a wani lungu bayan shinge. A zamanin da ake tarbiyya, ɗalibin da ya yar da ɓawon gyaɗa sai ya tsince shi a gaban hedimasta.

Alhaji bai kula da wannan ba. Abu ɗaya ya shiga kunnensa, cewa ruwan nan ne ke haifar da wuta. Ya yanke wa kansa hukunci cewa ruwa mai wuta a cikinsa ba zai kasa gwiwa ba. Domin kada a gan shi, ya tura Bara'atu wancan lungu da jarka, ta kutsa cikin yauƙin har ƙwauri, ta ciko. Tun da suka dawo yake kurɓa kowace safiya, yana toshe hanci.

Bayan jifar, Bara'atu ta daina shan ruwa. Duk ruwan da aka kai bakinta, ko na leda ne, sai ya yi kore a kwanon. Leɓunanta suka tsage, harshenta ya kumbura. An kai ta asibiti, ruwan da aka rataya mata ya gurɓace a cikin robarsa. Aka dawo da ita gida, idanunta sun faɗa.

"Alhaji," in ji Hajiya Basira, murya ƙasa-ƙasa, "ɗiyag ga mutuwa za ta yi."

Aka ɗauko Malam Badaru daga Turba, dattijo masanin ruƙiyya. Ya iso bayan la'asar, ya zauna a gefen tabarma, ya fara karatu. Gidan ya yi tsit, sai ƙudaje. Da inuwa ta rufe tsakar gida, yarinyar da ba ta iya ɗaga kai ta miƙe zaune. Muryar tsohuwa ta fito daga bakinta, tana ɓulɓula kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa.

"Malam, rage ƙona ni. Ni aka zalunta."

"Wace ce ke? Mi kika so ga yarinya?"

"Ina gulbin nan tun ba a gina bango ba. Bangon bai dame ni ba. 'Yan Adam dai! Ku zo da motoci, ku ci, ku zuba min kashin ɗiyanku bisa kai. Na matsa, na matsa, har na koma lungu guda. Can ma anka biyo ni, anka kwashe ni cikin jarka kamar kalanzir. To, ku ɗanɗana abin da nika sha."

"Ita aike ta anka yi. Fita, za a mai da ki."

"A mai da ni da ruwana duka."

Malam ya girgiza jarkar. Saura rabi.

"Ina sauran?"

Yatsar Bara'atu ta tashi a hankali, ta nuna tumbin ubanta.

"Shi amayo shi. Shi rungumi jarkar har can, shi kwashe lungun da hannunai. In ya yi, za ni."

"Ki bar ta yanzu, ki shiga jarka," in ji Malam. "Tahiya sai da sahe. Ni na tsaya mai."

Aljanar ta ce, "Na yarda. Amma in gani da idona."

Alhaji ya dubi ƙofa, inda maƙwabta suka yi cincirindo. "Malam, gaban jama'a? Da girmana?"

"Dubi bakin ɗiyarka, Alhaji," in ji Hajiya Basira, "sannan ka dubi girman."

Ya duba. Ya cire hula, ya durƙusa a kan gwiwoyin da ba su warke ba, ya zura yatsa a maƙogwaro, ya kafa baki a jarkar. Abin da ya fito ba ya cikin abin da alƙalami mai mutunci zai siffanta. Ya isa a ce kore ne, yana motsi, kuma bai tsaya ba sai da jarkar ta cika. Maƙwabta suka watse, suna tofar da yawu. Bara'atu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale. Malam ya murɗa murfin, ya ɗaure da tsumma.

Hajiya Basira ta kawo ruwa a kwano, ta tallafi kan 'yarta. Kowa ya zuba wa kwanon ido. Ruwan ya taɓa leɓe, bai sauya ba. Maƙogwaron yarinyar ya motsa, ya sake motsawa.

Ta buɗe ido, ta ce, "Inna, ƙaro."