Sulen Bature a Goshina

Sanyin sule na ji a goshina, sai kalangu ya tsaya cak!

Na ɗago ido. Bature ne, Malam Dauda, ɗan sa-kai daga Amurka da ke koyarwa a makarantar Rano. Ya sha babbar riga ta aro, yana ta washe baki. Tun la'asar yake dandalinmu na Dawaki yana tiƙar rawar Sallah kamar mai taka garwashi, ana ta dariya.

Yanzu babu mai dariya.

Saura kwana goma a ɗaura aurena da Manu. Wanda duk ya yi wa mai baiko liƙi a gaban saurayinta, takara ya shigo, kowa ya sani. Shi kaɗai ne bai sani ba, bawan Allah. Na hango Ramlatu tana rufe baki da gyale. Wato ita ta nuna masa ni! 'Yar Baffa Alu ce, baffan Manu, wanda ya so a yi 'yar gida aka ƙi.

"Ka gani ko?" in ji Baffa Alu da ƙarfi. "Yarinyar da ka nace wa ke nan, har Nasara ya taya!"

Manu ya miƙe, sandar kiwonsa a hannu.

Wayyo ni Maijidda! In ya buga, 'yan doka su tafi da shi gidan yari. In ya juya baya, gobe a aiko karɓar kayan baiko.

"Manu..." na ce. "Don girman Allah..."

Ko kallona bai yi ba.

"Barka da Sallah!" in ji Bature, har da miƙa hannu.

Na runtse ido ina jiran ƙarar sanda.

Shiru.

Da na buɗe, Manu ya sunkuya ya tsinci sulen a ƙasa. Ya hure shi, ya manna wa Bature a tsakiyar goshi.

"Mai kalangu, kaɗa wa budurwar nan! Duk ta fi su rawa!"

Dandali ya ɓarke da shewa. Malam Dauda ya ɗauka karramawa ce, ya ci gaba da tsalle. Ramlatu ta sulale.

"Ka zubar mana da mutunci," in ji Baffa Alu.

"Kwana goma aka ce, Baffa. Auren yana nan," in ji Manu.

Ya rako ni har bakin zaurenmu.

"Ba ka ji haushi ba?" na tambaye shi.

Ya buɗe min tafin hannunsa. Shatin sanda ya kwanta a ciki.

"Saura kaɗan, Jiddana, wallahi saura kaɗan. Sai na tuna gidan yari babu ke a ciki."