Hannun Maharbi a Zunguru

Lauratu ta yar da tulu a bakin rijiya ta kwasa da gudu. Sojojin Nasara sun shigo gari ta yamma suna tare samari suna duba hannuwansu, Gwadabe mai fataucin gero a gaba yana nuna gidaje. Shi ya tona musu asirin: manomi a tafin hannu yake yin kanta, maharbi kuwa a yatsu, inda tsarkiyar baka ke ci. Duk wanda aka ga kanta a yatsunsa, igiya ce a ƙugu har bariki.

Yatsun masoyinta Nata'ala kuwa ta san su kamar nata.

Bara ta fara ganinsa, lokacin nunar dabino. Tana tsaye tana hangen wani nonon dabino da ya fi ƙarfinta a ƙololuwar bishiya, sai ga reshe ya faɗo gabanta, kibiya a jikinsa. Can kan dutse wani saurayi yana murmushi.

"Da ka kuskure fa?" ta ce.

"Da na sauko ba ki haƙuri. Ko ta yaya dai sai na sauko."

Yana cikin samarin ƙauyukan Dutse da suka ƙi yarda ƙasa ta tafi a banza tun da Nasara suka ci Kano. A cikin duwatsu suke horo. Gudu ba takalmi kan falalen dutse da tsakar rana, ɗame baka a riƙe har kafaɗa ta mutu, wuni da ɗan garin gero da kurɓin ruwa. Ba su da bindiga ko ɗaya. Amma in ya sauko da yamma, ƙafa duk faso, ba ya zancen wahala.

"'Yar dabinona, in ƙasa ta dawo hannunmu, a gindin bishiyar nan zan gina miki ɗaki. Inuwa taki, hawa nawa."

"Maharbina, kai dai ka dawo da ranka. Ko bukka ce na shiga."

Mahaifinta, Malam Idirisu, ya ce atafau. "Ba na ba da 'yata ga mai sallama da duniya kullum safiya." Gwadabe kuwa ya yi ta sintiri a zaure da goro, yana neman aurenta.

Yanzu ga Nata'ala a bayan rumbunsu yana jiranta, dabino a hula, bai san an tare hanyar dutse ba. Ta ja shi ta ɓarakar danga har ɗakin kakarta, Iya Laraba, wadda ke kwaɓa lalle. Numfashi ɗaya Lauratu ta faɗa mata komai.

Tsohuwa ta dubi yatsun, ta dubi lallen.

"Kai, mijin nawa, ashe yau za ka yi mini kishiya. Miƙo hannu."

Ta ɗauko zunguru biyu, dogayen goran da ake zura hannun ango da amarya a ciki, ta cika su da lalle, ta tura hannuwansa har gwiwa ta ɗaure da tsumma. Ta kai shi zaure, ta lulluɓe shi da farin zane, ta rangaɗa guɗa. Matan maƙwabta suka amsa ba tare da sun san auren wa ake yi ba.

Malam Idirisu da sojoji kusan tare suka iso. Lauratu ta maƙale a bayan asabari, warwaron hannunta na kaɗawa.

"Fito da hannun nan," in ji sajensu, wani dogon Bahaushe mai tsagen gabas.

"Ɗana," Iya ta ce, "a garinku ana zare ango daga lalle kafin ya kama? Bismilla, zare da kanka. Abin da ya sami auren a wuyanka."

Saje ya tsaya. Shi ma an taɓa sa shi a lalle.

"Ƙarya ce, ranka ya daɗe," Gwadabe ya yi caraf. "Ni ake shirin ba yarinyar nan. Tambayi ubanta, duk garin nan an san Malam ba ya ƙarya."

Saje ya juya. "Malam, wane ne wannan?"

Dattijon ya dubi ƙafafun yaron da dutse ya cinye, ya ji ƙarar warwaro a bayan asabari. Ya daɗe yana jan carbi.

"Surukina ne."

"To, Allah ya sanya alheri." Saje ya watsa wa Gwadabe wani kallo, ya kaɗa mutanensa suka wuce.

Sai da ƙarar takalmansu ta ɓace Malam ya ce, "Na yi furfura ban yi ƙarya ba, ba kuma zan fara yau ba. A kira liman kafin la'asar."

Aka ɗaura aure a kan sadakin bishiyar dabinon da Nata'ala ya gada. Aka shafa fatiha, Malam ya dafa kansa ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka. Lauratu ta ji kamar a mafarki take tafiya, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa.

Kwanaki suka shuɗe cikin ƙamshin turare. Wata safiya suna zaune a ƙofar ɗakinta, tana ɓare masa dabino tana wasa da jajayen yatsunsa.

"Lallen Iya ya kama," ta ce.

"Ni ya kama, 'yar dabinona."

Sai aka yi sallama a ƙofar gida. Wani baƙo ne da yagaggiyar riga, daga hanyar Haɗejiya, riƙe da kibiya guda da aka naɗe da jan ƙyalle, alamar kiran yaƙi.

"Ina maharbin da ake kira Nata'ala? An ce in ba shi wannan hannu da hannu."

Lauratu ta ƙara damƙe yatsun.