Dutsen da Ya Yi Tafiya

A wani zamani, a wata ƙasa mai rairayi, an yi wani attajiri da ya so ya share daji ya kafa faifayan sola. Sai ya ɗauko wata masaniyar tsirrai da dabbobi, don ta shaida cewa babu mai rai a wurin.

Suka fita zagaye. Ta ce, "Alhaji, ga aduwa."

Ya ce, "Itacen girki ne, Malama."

Ta ce, "Alhaji, ga kunkuru."

Ya ce, "Dutse ne, Malama. In kina son aikinki, dutse ne."

Da aikin nan take ciyar da 'ya'yanta. Alhaji ya tattara babbar riga ya zauna a kan abin da ya kira dutse yana jiran amsa. Sai dutsen ya miƙa wuya ya yi gaba, Alhaji ya kife cikin ƙaya.

Ta ce, "Ka kore ni in ka so. Ba zan shaida ba sai an bar itatuwan, an ɗaga faifayan sama, dabbobi su riƙa wucewa."

Alhaji yana cire ƙaya ya ce, "A ɗaga! Amma a sanar da jama'a ni na gano kunkurun."